Bakin Aro Na Malam Sulle

Shafi na 23

Jama'a ku yi min afuwa, na san na yi laifi. Cirar gyaɗa muka je gonarmu ta wajen Falgore, kuma a gonar nan ko ka hau bishiya waya ba ta ganin sabis. Na dawo na tarar da saƙonni sun fi ɗari. Mai cewa na manta da ku, mai cewa in na kashe Malam Sulle ba za ta yafe min ba. Haba baiwar Allah, ni ce Mala'ikan mutuwa? Ku zauna ku sha ruwa.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Wata bakwai ke nan da hawan jini ya kayar da Malam Sulle, tsohon magatakardan hakimi, ya bar shi ba baki, ba ɓarin dama. 'Yarsa ta fari, Nuriyya, ita ke jinyarsa a gidansu na Kwanyawa. Takardar ɗaukarta makarantar koyon aikin jinya a Kano ta shigo mata ta imel, ta yi gum, ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba. Gobe Juma'a ake rufe rajista. Yau Alhamis.

To bismillah.

*

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da Nuriyya ta ɗaga labulen ɗakin Baba da kwanon kunu a hannu. Sallamar ma rabi ta yi, sauran ta maƙale.

Baba na zaune kan kujerarsa ta katako, sanye da farar babbar rigar da rabonsa da ita tun yana zuwa fada. Hula a karkace, alamar Inna ce ta kafa masa. Kwamfuta a buɗe kan tebur. Wayar Nuriyya kuma a rataye jikin ƙusar taga, wuri ɗaya tilo da sabis ke yarda ya tsaya a gidan, tana ba kwamfutar intanet.

Inna Lauratu na kan tabarma har da mayafi, ta naɗe ƙafa kamar mai jiran wa'azi.

"Ikon Allah. Inna, baƙi za a yi?"

"Zauna."

"Kunun fa zai huce."

"Ya huce mana. Ƙafa gare shi da zai gudu? Zauna aka ce."

Nuriyya ta ajiye kwanon, ta durƙusa.

"Baba an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Yatsan hagunsa ya sauka kan madanni.

*Da sauƙi, alhamdu lillahi.*

Ya ƙara dannawa. Wani layin ya shigo yana juyi kamar ɗan mazari kafin ya tsaya.

*Yau ma kin makara da kunu.*

Ta yi dariya, hankalinta ya ɗan kwanta. Tunda rubutun ya yi juyi, zolaya ce.

Bari na tuna muku, don na san halinku, akwai masu tsallake shafi. Da aka sallamo Baba daga asibiti, likita ya ce hankalinsa garau, karatunsa garau, harshe ne da hannun dama suka ƙi. Aka sa masa biro a hagu, rubutun ya fito kamar kaza ta bi ta kan taɓo. Mutumin da ake ajiye wasiƙunsa a fada saboda kyan hannu! Ya yi jifa da biron, kwana biyu ko kallon mutane ba ya yi. Shi ne Nuriyya ta buɗe masa shafin nan na intanet da ake shirya silaid, allunan rubutu da hoto irin waɗanda ake haskawa a taro, ta ce ya riƙa dannawa da yatsa ɗaya.

Ranar farko ya rubuta layi biyar, suka fito gaba ɗaya. Inna, da karatunta na yaƙi da jahilci, ta fara daga na ƙarshe. Ya murtuke fuska ya rubuta: *Magana ba buhun gyaɗa ba ce da za a zazzage ta lokaci guda.*

Sai Nuriyya ta nuna masa wurin motsi, animeshin in ji 'yan kwamfuta. Ka zaɓi layi, ka faɗa masa yadda zai shigo: ya bayyana a hankali, ko ya faɗo daga sama, ko ya kutso ta gefe, ko ya yi juyi. Ka ce ya jira sai an danna, ko ya biyo na gabansa da kansa. Akwai na ɓacewa ma, akwai kuma wani ɗan zare da ake ja a ƙara sauri ko a rage.

Wallahi cikin sati biyu tsohon nan ya fi malamarsa iyawa. Kowa a gidan ya haddace. In rubutu ya faɗo daga sama da gudu, faɗa ne. In ya kutso ta gefe, aike ne. In ya yi juyi, zolaya. In kuwa ya fito a hankali, to a nutsu, Malam Sulle da gaske yake. Har shirun nan nasa na tsakiyar magana, wanda ke sa 'yan fada su riƙe numfashi, sai da ya dawo, don sai ya ga dama yake dannawa.

To mu koma ɗaki.

Baba ya gyara zama, ya danna. Manyan baƙaƙe suka cika allon.

*TARON GIDA.*

*Ajanda ɗaya ce.*

"Kai Baba, har da ajanda?" in ji Nuriyya tana murmushi. "Ko an yi naɗin sarauta ne ban sani ba?"

Bai kalle ta ba. Ya danna.

Wata farar takarda ta fara tasowa daga ƙasan allon, a hankali, a hankali. Tambarin makaranta ya fara leƙowa. Sai kwanan wata. Sai ɗan hotonta mai shuɗin hijabi.

Murmushin ya mutu a fuskarta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Mutuwa aka yi?" in ji Inna. "Karatu aka ba ki, kike salati kamar an aiko da rasuwa."

"Baba, a ina ka..."

Ya danna.

*Kin bar akwatin saƙonki a buɗe a gefe.*

Ya danna.

*Hannun hagu ba ya jin magana.*

Ya ɗan jira.

*Ya zame.*

Ya ƙara jira. Na ƙarshen ya shigo yana juyi.

*Ni kuma na iya karatu.*

Nuriyya ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

"Yaushe ka gani?"

"Sati uku," Inna ta amsa masa. "Sati uku muna kallonki kina shiga kina fita, kina mana dariya. Muna cewa yau za ta faɗa, gobe za ta faɗa. Ashe ke cikin rijiya gare ki."

"Ba abin faɗa ba ne, Inna. Ba zuwa zan yi ba."

Tun kafin ta rufe baki rubutu ya faɗo daga sama, tim.

*Na san za ki ce haka.*

Wani ya biyo shi da kansa, ba a danna ba.

*Kawo hujja.*

"To shi ke nan, tunda shari'a ce." Ta gyara durƙuso. "Wa zai riƙa ɗaga ka zuwa banɗaki? Inna da wannan gwiwar tata?"

Ya danna. Hoton Baffa Ashiru, ƙanen Baba, a kan babur ɗinsa ya kutso ta hagu a guje, ya ci birki a tsakiyar allo.

*Ashiru. Ya gama cirar gyaɗa. Zai tare a ɗakin zaure.*

"Baffa Ashiru? Mutumin da ko biki ya zo ba ya iya kwana ɗaya ba a Falgore ba?"

*Na tuna masa wa ya goya shi.*

*Ya yi shiru.*

Inna ta toshe baki da mayafi.

"Magani fa?" Nuriyya ta ci gaba. "Na safe daban, na rana daban, na bayan magariba daban. Inna rikita su take yi."

"Sau ɗaya!" Inna ta zabura. "Sau ɗaya tal na rikita, an mayar da shi waƙa a gidan nan."

Ya danna. Farar ƙwaya ta fito da hoton rana tana hudowa. Ja ta biyo da rana a tsaka. Mai ruwan ɗorawa ta zo da jinjirin wata.

*Na yi mata nata darasin.*

Sai mai juyi:

*Ɗalibar akwai taurin kai, amma tana ganewa.*

"Malam, ka kiyaye ni," in ji Inna, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

Gefen bakin Baba mai lafiya ya ɗan ɗaga. Dariyarsa ke nan tun bayan ciwon, rabi ce, amma takan cika ɗaki.

Nuriyya ba ta yi dariya ba.

"To kwamfutar fa? In na tafi da ita, da me za ka yi magana?"

*Ki bar min ita.*

*Ke kina da baki.*

Ya bari ta karanta, sannan ya danna na uku, wanda ya fito a hankali.

*Shafin a intanet yake. In na rubuta a Kwanyawa, za ki gani a wayarki a Kano. Wayar Ashiru za ta hau ƙusar taga. Ke kika koya min.*

Ta nemi wata hujjar, babu. Tsohon magatakarda ya bi duk ƙofofin da za ta fita ya datse su tun kafin ta iso. Sati uku, da yatsa ɗaya, layi bayan layi. Ni kaina mai rubutun nan sai da na ajiye waya na share ido.

Ta ɗago kai. Idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan je ba."

Ya kai hannu.

"Kar ka danna." Ta haɗa tafukanta biyu. "Don Allah kar ka danna. Wannan ba ka shirya masa amsa ba, don ba ka san shi ba. Ba wanda ya san shi sai ni da Allah."

Inna ta daina murmushi.

"Ke yarinyar nan, me kike nufi?"

Kun ji dai, "yarinyar nan". Baba kuma "ke wannan" yake cewa. Nuriyya 'yar fari ce, kuma a gidansu ba a kiran sunan ɗan fari, alkunya ce tun kaka da kakanni. Shekararta ashirin da ɗaya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwa ko uba ba. Ku riƙe wannan.

"Inna, kin tuna ranar da aka yaye mu a makarantar kwamfuta a Karaye?"

"Na tuna mana. Ke kika zo ta ɗaya, aka ba ki wannan abar."

"Baba aka roƙa ya karanta sunaye, saboda muryarsa. Mu talatin da huɗu. Ya kira kowa, Inna. Da sunansa, da na ubansa, har yana yi wa wasu kirari. Da aka zo kaina..."

Ta kawar da kai.

"Da aka zo kaina sai ya yi tari, ya miƙa wa na kusa da shi takardar. Dattawa suka yi ta dariya suna cewa madalla, Malam Sulle ya san kunya. Na tashi na karɓo kyauta ina murmushi. Na zagaya bayan aji na yi kuka har kaina ya yi ciwo."

"Haba, ke kuwa. Ai kin san al'ada ce..."

"Na sani, Inna! Wallahi na sani. Amma zuciya ba ta san al'ada ba a ranar."

Baba ya zuba mata ido, yatsansa a tsaye a sama.

"Washegari kin tafi gidan suna. Ni kaɗai ce a gida da shi. Ina ɗaki ina kallon bidiyon taron a kwamfuta. Sai na ji ya ce, ke wannan."

Muryarta ta fara karyewa.

"Na ji shi sarai. Na san ni yake kira, ba kowa a gidan. Na ce a raina, yau sai dai a kira sunana. Ya sake kira. Na yi banza da shi. Na uku..."

Ta dafe ƙirji.

"Na ukun muryar ba irin tasa ba ce, Inna. Ta yi nauyi. Na ji gabana ya faɗi. Amma shaiɗan ya ce min dabara ce. Sai na ƙara sautin kwamfutar."

"La ilaha illallahu," in ji Inna a hankali.

"Sai da aka kira la'asar na fito. Na tarar da shi a ƙasa, buta ta kife a gefensa, baki ya karkace. Kin tuna abin da likita ya ce? Da an kawo shi da wuri. Da wuri, Inna! Ni ce wurin da aka rasa. Kiran ƙarshe da ya yi da bakinsa ni ya kira, na ƙi amsawa."

Kuka ya ƙwace mata. Ta kife fuska a gefen kujerarsa, kan jelar babbar rigar.

"Ta yaya zan je na koyi jinyar iyayen mutane, ni da na bar nawa a ƙasa?"

Can waje wata akuya na kuka, maƙwabta na sussukar dawa. Inna na share hawaye da bakin mayafi.

Sai ƙarar madanni. Ƙwas.

"Baba, babu abin da ke ciki da zai..."

Inna ta taɓa kafaɗarta.

"Ɗago ki gani."

Allon fari fat, ba komai. Har ta ɗauka sabis ne ya ɗauke. Sai wani abu ya fara bayyana a tsakiya, a hankalin da ba ta taɓa ganin ya sa ba. Ya ja zaren nan har ƙarshe.

*Na sani.*

Numfashinta ya tsaya.

Ƙwas.

*Bango ɗaya ne tsakaninmu.*

Ƙwas.

*Na ji lokacin da kika ƙara sauti.*

"Wayyo Allahna." Ta toshe baki da hannu biyu. "Wata bakwai? Wata bakwai ina ba ka abinci a baki, ka sani?"

*Wata bakwai kina amsa kiran da ban yi ba.*

*Ya isa haka.*

Ta juya ga Inna.

"Ni ma sai da ya shirya wannan allon na sani," in ji Inna. "Ya ce in ba ki faɗa da bakinki ba, zai tsallake shi, mu tafi kabari da maganar. In kin faɗa, to ga amsarki."

Baba ya ci gaba. Yana danna ɗaya, ya huta, ya danna wani.

*Ciwo na Allah ne. Likita bai ga Lauhul Mahfuzu ba.*

*Ni ma ɗan fari ne.*

*Mahaifina ya rasu ban ji sunana a bakinsa ba.*

*Na ɗauka haka ake so.*

Ya sake dannawa.

*Ranar taron, na ga sunan a kan takarda.*

*Ba kunya kaɗai ba ce ta sa na miƙa.*

*Na ji tsoron kar na yi kuka a gaban hakimi.*

Nuriyya ta kama hannunsa na dama, wanda ba ya motsi, ta ɗora a goshinta. Hawayenta na bin yatsun.

"Ka yafe min, Baba. Don girman Allah ka yafe min."

Ƙwas. Wannan ya faɗo daga sama, tim, na faɗa.

*Tun a ƙasa na yafe.*

Sai mai juyi ya biyo shi.

*Butar ce ban yafe wa ba.*

Dariya da kuka suka haɗe mata, har ta sarƙe. Inna ma ta fashe, tana cewa, "Kai Malam, kai Malam, ko a wannan halin?"

Ya bari suka lafa. Sannan ya ja dogon numfashi, ya kawar da fuska wajen taga, ya danna ba tare da ya dubi allon ba.

Wani ɗan ƙaramin rubutu ya ƙyasta a lungun ƙasa, ya ɓace.

"Mene ne wancan?"

Bai juyo ba.

Nuriyya ta miƙa hannu ta mayar da allon baya, ta sake dannawa. Ya fito. Kafin ta ƙifta ido ya tafi. Amma ta gani. Baƙaƙe bakwai, ƙanana, kamar suna neman wurin ɓuya.

*Nuriyya.*

Ta sake. Ya fito, ya ɓace. Ta sake.

"Kar ki ƙarar da shi," in ji Inna tana jan hanci. "Kin ga wannan ɗan abin? Ya fi duk sauran ba shi wahala. Ya rubuta ya goge. Ya rubuta, ya sa masa ɓacewa. Ya cire ɓacewar, ya kalla, ya kasa, ya mayar. Na ƙirga sau goma sha ɗaya. Ya iya sa shi ya fito, barinsa ya zauna ne ya gagara."

Nuriyya ta daɗe tana kallon lungun da sunan ya ɓace. Sannan ta share fuska, ta girgiza kai.

"Na gode, Baba. Wallahi ko yanzu na mutu na samu abin da nake nema. Amma tafiya ba za ta yiwu ba."

"Ke wace irin yarinya ce?" Inna ta harzuƙa. "An ba ki hujja, an yafe miki, an rubuta miki..."

"Rantsuwa na yi, Inna."

Inna ta zuba mata ido.

"A asibiti, ranar da aka kwantar da shi. Na dafa gadon na ce wallahi ba zan bar gidan nan ba sai ranar da bakinsa ya buɗe, ya kira ni, na amsa. Ba rubutu na ce ba. Baki na ce. Ko shekara ashirin ce zan jira."

Ta zaci Inna za ta yi salati. Sai ta ga ta dubi Baba, Baba ya dube ta.

"Kina tsammanin barci nake a kan bencin asibitin nan?" in ji Inna.

"Kin... kin ji?"

"Uwa na barci ɗanta na kuka? Dalilin rantsuwar ne ban sani ba, amma ita na ji ta tsaf." Ta gyara mayafi. "To bari na tambaye ki. Sati ukun nan, kullum da hantsi sai na aike ki. Yau daddawa, gobe zare, jibi ki je Rogo ki duba min ƙanwata da lafiyarta ƙalau. Ba ki taɓa tambayar kanki ba? Daddawar da ke gidan nan ta isa bikin mutum uku."

"Na ɗauka mantuwa ce ta fara kama ki."

"Mantuwa ta kama kakarki. Kina fita nake rufe ƙofa, na zauna a nan gabansa. Ni ke faɗa, shi yana bi."

"Kina faɗar me?"

Inna ta kawar da kai, ta hau tsintar abin da babu a kan tabarma.

"Inna." Muryar Nuriyya ta koma raɗa. "Ke? Kika faɗi... da bakinki?"

"Rufe min baki, marar kunya. Ƙofa a datse nake yi, ko kaji ba sa ji."

"Ya... ya fito?"

"Satin farko iska kawai. Na biyu ya samu harafin farko. Jiya ya kai rabi, ya tsaya." Inna ta numfasa. "Shi ya sa muka kai yau. Muna ta jira ya cika, kwana ya ƙare mana. Jakarki na ƙarƙashin gadona, na haɗa. Ashiru zai zo kafin azahar ya kai ki tasha, ki kwana gidan gwaggonki a Kano, gobe da sassafe ki yi rajista. Sauran kuma yana hannun Allah."

Baba ya ɗaga hannun hagu. Suka zaci dannawa zai yi.

Sai ya kama murfin kwamfutar, ya rufe ta. A hankali, har ta ce ƙyat.

Ya ture ta gefe.

Ya dafa hannun kujera, ya miƙar da baya kamar yadda yake yi in zai karanta sanarwa a fada. Ya dubi 'yarsa ido cikin ido, abin da ba ta tuna ranar da ya taɓa yi ba.

Leɓɓansa suka motsa.

"Nnn..."

Jijiyar wuyansa ta tashi. Gumi ya tsattsafo ƙarƙashin hular.

"Nnn... Nu..."

Ya tsaya yana haki.

"Baba bari!" Ta riƙe gwiwarsa. "Bari don Allah, kar jininka ya hau. Zan yi kaffara, zan yi azumi, zan yi komai, ka bari..."

Ya buga hannun kujera. Ba ya buƙatar allo, kowa ya san wannan daga sama ya faɗo.

Ta saki gwiwarsa.

Daga nesa ƙarar babur ta fara matsowa, ta biyo lungu, tana tsalle a kan kwazazzabon ƙofar gida.

Inna ta matso ta durƙusa kusa da kujerar. Leɓɓanta na motsi tare da nasa, ba sauti, kamar mai raka yaro a karatu.

Baba ya rufe ido. Ya buɗe.

"Nu..."

Miyau ya zubo a gefen bakin da ya karkace, ya sauka kan farar rigar. Bai damu ba.

"...riy..."

Babur ya mutu a ƙofar zaure.

"...ya."

A karkace ya fito, da nauyi, kamar an jawo guga daga rijiya mai zurfi. Amma ya fito duka. Kuma wannan ba wanda ya sa masa ɓacewa.

Nuriyya ta daskare a durƙushe. Baki a buɗe, hawaye na zuba, ko numfashi ba ta yi.

"Salamu alaikum!" Muryar Baffa Ashiru daga zaure. "Masu gida! Mai tafiya ta shirya kuwa?"

Ba wanda ya amsa masa.

Inna ta sa bakin mayafi ta goge wa Baba haɓa. Ta gyara masa hula. Sannan, ba tare da ta juyo ba, da ƙofa a buɗe, da kaji a tsakar gida, da Ashiru a zaure yana ji, ta ce:

"Nuriyya. Babanki na kira."